Ellen Swallow Richards: Matar Da Ta Auna Lafiyar Ƙoramu

Bahaushe ba ya rowar gaisuwa. Idan ya tare ka da safe zai tambayi kwananka, da iyali, da gajiya, da aiki, in kuwa damina ce ya tambaye ka ruwa, kai kuma ka amsa masa da cewa ruwa ya yi gyara. Sai dai wannan tambaya ta ruwan sama ce. Ruwan da ya riga ya sauka, ya bi ƙorama ya ratsa bayan gari, ba kasafai ake tambayar lafiyarsa ba, sai ranar da ya soma wari, ko kifinsa ya taso ciki sama, ko kuma amai da gudawa suka ɓarke a unguwa. Ko a wannan rana ma gardama ake yi, wani ya ce da can ba haka ruwan yake ba, wani ya ce tun kaka da kakanni haka aka same shi, alhali babu mai hujja a hannu. Irin wannan gardama ce wata Ba'amurkiya mai suna Ellen Swallow Richards ta taimaka aka kashe bakinta a jiharsu tun a ƙarshen ƙarni na 19. Tarihinta nake so mu duba a wannan fili, domin hanyar da ta bi tana nan da amfaninta.

An haifi Ellen Henrietta Swallow ranar 3 ga Disamba, 1842, a ƙauyen Dunstable da ke jihar Masacusets, arewa maso gabashin Amurka. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifinta Peter da mahaifiyarta Fanny duk sun taɓa koyarwa, saboda haka a gida ta yi karatun farko, tana haɗa shi da aikin gona da na cikin gida. A 1859 iyalin suka koma garin Westford, inda mahaifin ya buɗe kanti, ita kuma ta shiga makarantar garin. Akwai wata ƙaramar ƙorama da ta ratsa Westford, ana kiran ta Stony Brook, wato ƙorama mai duwatsu, wadda ke gangarawa ta zuba a kogin Merrimack. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake cin karo da shi a gaba.

Bayan ta gama wannan makaranta sai hanya ta toshe, domin a wancan zamani manyan makarantun yankin ba sa ɗaukar mata, iyayenta kuma ba masu hali ba ne. Ta shafe shekaru tana koyarwa, tana tsaron kantin mahaifinta, tana jinyar mahaifiyarta wadda ba ta cika lafiya ba, tana kuma yin aikace-aikace a gidajen mutane, har ta tara kimanin dala 300. Da wannan guziri ta shiga Kwalejin Vassar da ke jihar New York, wadda a lokacin ta mata ce zalla, a 1868, tana da shekara 25, wato shekarun da tsararrakinta suka daɗe a ɗakunan mazajensu. A can ta yi karatu a hannun Maria Mitchell, shahararriyar masaniyar taurari, da Charles Farrar, malamin ilimin sinadarai. Taurari sun ja hankalinta ƙwarai, amma ta zaɓi sinadarai saboda ta ga shi ne ilimin da zai taɓa tukunya da rijiya da numfashin mutane. Ta sami digirin farko a 1870.

Ta nemi aiki a wajen masu sana'ar gwajin sinadarai, ba wanda ya ɗauke ta, amma wani kamfani a birnin Boston ya ba ta shawarar ta gwada sabuwar Cibiyar Fasaha ta Masacusets, wadda duniya ta fi sani da MIT. A Disamban 1870 aka amince da ita a matsayin ɗaliba ta musamman, ta soma karatu a Janairun 1871, ta zama mace ta farko da ta shiga wannan cibiya. Ba a karɓi kuɗin makaranta daga hannunta ba. Da farko ta ɗauka tausayin talaucinta aka ji. Daga baya ta fahimci dabara ce ta shugaban cibiyar, domin idan wani ya yi ƙorafi a iya cewa ai sunanta ba ya cikin jerin ɗalibai. A cikin wannan shekara mahaifinta ya rasu sakamakon hatsarin jirgin ƙasa, nauyin gida ya dawo kanta, duk da haka ta kammala a 1873, kuma a shekarar ce Vassar ta ba ta digiri na biyu bisa binciken da ta yi a kan wani sinadari da ke cikin tama. Ta so ta yi digirin digirgir, cibiyar ba ta ba ta wannan dama ba. A 1875 ta auri Robert Richards, farfesan injiniyancin haƙar ma'adinai a MIT, wanda ya zame mata abokin aiki har ƙarshen rayuwarta. A 1876 ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje na mata a cibiyar da taimakon wata ƙungiyar matan Boston, ta koyar a cikinsa ba albashi, har ma da aljihunta take tallafa masa, har zuwa 1883 da aka soma ɗaukar mata kai tsaye. A 1884 aka naɗa ta malamar sinadaran tsaftar muhalli, kuma a wannan matsayi ta zauna shekara 27, ba a taɓa ɗaga ta zuwa farfesa ba.

Kafin mu shiga aikin da ya sa ake tunawa da ita, ya kamata mu san halin da jihar ke ciki. Masacusets ta wancan lokaci cibiyar masana'antu ce. Masaƙu sun cika bakin kogin Merrimack a biranen Lowell da Lawrence, ga majemu, ga masana'antun takarda da na ƙarfe a wasu garuruwan, kowacce kuma a bakin ruwa aka kafa ta, domin ruwan ne ke juya injinanta, shi ne kuma ke kwashe dattinta. Gidaje su ma a ƙoramu suke zubar da najasa. Garin da ke sama ya zuba, garin da ke ƙasa ya sha. Abin da ke kwantar wa mutane hankali shi ne wani tsohon zato, cewa ruwa mai gudu yana wanke kansa da kansa bayan 'yar tafiya kaɗan. Zazzaɓin taifot kuwa yana ta kwasar rayuka kowace shekara. An kafa Hukumar Lafiya ta jihar a 1869, kuma tun Ellen tana ɗaliba, a 1872, malaminta William Ripley Nichols ya sa ta cikin gwajin ruwan da hukumar ta ba shi. A nan ta fara gogewa.

A 1886 majalisar jihar ta yi dokar kare tsabtar ruwayen cikin ƙasa, ta ɗora wa Hukumar Lafiya alhakin sanin halin da suke ciki. A 1887 aka soma babban binciken. Farfesa Thomas Drown ne shugaban ɓangaren sinadarai, ita kuwa Ellen Richards ita ce ke riƙe da ɗakin gwaje-gwaje da mataimakan da ke cikinsa, kuma ta ci gaba da yi wa jihar wannan aiki har 1897. Tsarin mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aiwatarwa. Ana ɗebo ruwa cikin kwalabe masu tsabta daga koguna da ƙoramu da tafkuna da rijiyoyin da garuruwa ke sha, a aiko da su Boston ta jirgin ƙasa, a gwada su da gaggawa tun kafin abin da ke cikinsu ya sauya. Bayan ɗan lokaci a koma wuri ɗaya a sake ɗebowa, da rani da damina, da lokacin ƙanƙara da lokacin narkewarta. Samfurin da ya bi ta hannunta da na mataimakanta ya haura 20,000. Ba a taɓa yin irin wannan aiki a kan ruwan jiha guda sukutum a Amurka ba kafin nan.

To, me ake nema a cikin kwalbar? Ana duba launin ruwan, da gurɓatarsa, da warinsa, da abin da ya rage idan an ƙafar da shi. Amma manyan shaidu guda biyu ne. Na farko shi ne sinadarin naitirojin, wanda ke cikin duk abin da ya fito daga jikin mai rai. Idan najasa ta shiga ruwa, wannan sinadari yakan fara bayyana a matsayin amoniya, sannan ƙananan halittun da ido ba ya gani su juya shi sannu a hankali har ya zama naitiret. Saboda haka yawan amoniya yana nuna ƙazantar sabuwa ce kuma daga kusa ta fito, yawan naitiret kuwa yana nuna ta daɗe, ko ta yi tafiya, ko ƙasa ta tace ta. Da wannan ake sanin shekarun ƙazanta, kamar yadda makiyayi ke sanin shekarun sa ta haƙoransa.

Shaida ta biyu ita ce kulorin. A nan sai mai karatu ya lura, ba kulorin ɗin da hukumomin ruwa ke zubawa a famfo domin kashe ƙwayoyin cuta ake nufi ba, wannan sai a 1908 aka soma amfani da shi a kai a kai a Amurka. Wanda ake nufi shi ne wanda ke cikin gishirin miya. Duk inda mutane suka zauna suna cin gishiri, yana kuma fita ta fitsarinsu da ruwan wanke-wankensu. Abin da ya sa ya zama amintaccen mai shaida shi ne ba ya ruɓewa, tsiro ba ya cinye shi, yashi ba ya riƙe shi. Ruwa zai iya yin garau, warinsa ya gushe, naitirojin ɗinsa ya ragu, amma gishirin da ya ɗauko daga bayan gida yana nan tare da shi.

A nan ne fa gizo ke saƙar. Masacusets tana bakin tekun Atilantika, iska kuma tana ɗauko feshin teku ta watsa shi cikin ƙasa tare da ruwan sama. Ke nan ƙoramar da ke kusa da gaɓa tana da gishiri mai yawa ko da ba mahalukin da ya taɓa zama a bakinta, wadda ke can cikin duwatsun yamma kuwa gishirinta kaɗan ne. Adadin da zai zama alamar lafiya a wannan ƙorama, shi ne zai zama alamar cuta a waccan. Lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai, sai ka san abin da ya kamata ta kasance a wannan wuri. Abin da Ellen Richards da Drown suka yi shi ne, suka ware sakamakon ruwayen da aka tabbatar ba gida ko masana'anta a samansu, suka rubuta adadin kulorin ɗin kowanne a kan taswirar jihar, sannan suka ja layi suka haɗa wuraren da adadinsu ya zo ɗaya. Da aka gama sai ga layukan sun jeru suna bin siffar gaɓar teku, adadin ya fi yawa a tsibirai da zirin Cape Cod, yana raguwa daki-daki har zuwa tsaunukan Berkshire. Wannan ita ce taswirar kulorin na asali, wadda hukumar ta buga a cikin rahotonta na 1890.

Daga wannan rana gardama ta ragu. Idan aka kawo ruwan wata ƙorama, sai a auna kulorin ɗinsa, a duba taswira a ga abin da ya kamata a samu a wannan yanki. Abin da ya hau kai, daga mutane ya fito. Har ma ana iya kimanta yawan jama'ar da ƙazantarsu ke shiga ruwan daga girman wannan rara. Mai masana'anta ko shugaban gari ba zai ƙara cewa haka ruwan yake tun asali ba, domin asalin yana rubuce. Wasu jihohin Amurka sun kwaikwayi wannan taswira, kuma sakamakon binciken na daga cikin abin da Masacusets ta dogara da shi wajen shimfiɗa ƙa'idojin ingancin ruwa tun kafin sauran jihohi. Ni a ganina wannan shi ne babban gadon da wannan mata ta bari: ba za ka iya cewa ƙorama ba ta da lafiya ba sai ka san yadda take lokacin da take da lafiya, wannan sani kuwa ba ya samuwa sai da awo mai yawa, a wurare masu yawa, cikin lokaci mai tsawo.

Ba a daɗe ba sai ga abin da ya nuna cewa ƙaramar ƙorama ba abin rainawa ba ce. A ƙarshen 1890 annobar taifot ta ɓarke a Lowell, bayan 'yan makonni ta sauka Lawrence, wadda ke ƙasa da ita a kan kogi ɗaya, daga cikinsa kuma biranen biyu ke sha. Hukumar ta tura William Sedgwick, masanin halittu kuma abokin aikin Ellen a MIT. Ya bi sawun cutar gida-gida, ya haura kogin, har ya isa North Chelmsford, inda ya tarar an yi fama da taifot kafin ta bayyana a Lowell, ga kuma masai da aka gina a kan ƙorama, abin da aka yi a ciki yana faɗawa ruwa kai tsaye. Ƙoramar nan ita ce Stony Brook, wadda ta ratsa garin da Ellen ta yi 'yanmatancinta, bakinta kuwa 'yan kilomitoci ne kawai sama da inda Lowell ke zuƙar ruwan sha. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Zaton nan na cewa ruwa mai gudu yana wanke kansa ya sha kaye. A 1893 Lawrence ta gina matatar yashi, mace-macen taifot kuma suka ragu ƙwarai. Adalci ne a faɗa cewa wannan nasara ta Sedgwick ce da injiniyoyin tashar gwaji ta Lawrence, ta kuma nuna iyakar awon sinadarai, domin kwalba tana iya gaya maka najasa ta shiga ruwa, amma ba za ta gaya maka ta mai cuta ce ko ta mai lafiya ba.

Akwai wani ɓangare na tarihinta da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe. A 1866 masanin halittu Bajamushe Ernst Haeckel ya ƙirƙiri kalmar Oekologie daga kalmomin Girkanci biyu, oikos mai nufin gida, da logos mai nufin ilimi ko bayani. Shi abin da ya nufa shi ne nazarin dangantakar halitta da wurin zamanta. A ƙarshen 1892, a wani taro a Boston, Ellen Richards ta gabatar wa Amurkawa wannan kalma, amma ta riƙe ma'anar tushenta da gaske. A wajenta gida ba ya ƙarewa a bakin ƙofa, ya haɗa da iskar da ke shiga ta taga, da abincin da ke shiga tukunya, da ruwan da ke shiga randa, da inda wannan ruwa ke zuwa bayan an yi amfani da shi. Masana tsirrai da dabbobi suka karɓe kalmar suka keɓe ta ga nasu fagen, inda mutum ba ya ciki, nata ma'anar ta faɗi. Sai bayan kusan shekara 70, da duniya ta farka kan gurɓatar muhalli, kalmar ta dawo kusa da inda ta so ta ajiye ta. Abin sha'awa shi ne kalmar muhalli da muka aro daga Larabci ita ma wurin zama take nufi tun asali, har yanzu kuma muna amfani da ita ga matsugunin mutum da kuma ga duniyar da ke kewaye da shi. Harshenmu ya riga ya haɗa abin da ta sha wahalar haɗawa.

Da ta rasa wannan kalma sai ta bi ta wata ƙofa. A 1890 ta haɗa hannu da Mary Hinman Abel suka buɗe wani ɗakin girki a Boston domin samar wa ma'aikata abinci mai gina jiki a farashi mai sauƙi. A 1893 ta nuna irinsa a babban bajekolin duniya na Shikago, a 1894 kuma aka soma ciyar da ɗaliban makarantun Boston da taimakonta. Ta yi rubuce-rubuce a kan algus a kayan abinci da kan tsabtar iska da ruwa. Tarurrukan da ta jagoranta daga 1899 su suka haifar da ƙungiyar ilimin tattalin gida ta Amurka a 1908, ita ce kuma shugabarta ta farko. Darasin nan na tattalin gida da 'ya'yanmu ke yi a makarantun sakandare yana da jijiya a wannan yunƙuri. Masu suka sun ce da wannan ta taimaka aka killace mata masu ilimin kimiyya a cikin kicin, kuma sukar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin jami'o'i da dama sun mai da wannan sashe wurin ajiye matan da ba a so a ba su kujera a sashen sinadarai. Amma wanda ya duba rayuwarta zai ga ita kicin ɗin ta so ta mayar ɗakin gwaje-gwaje, domin a nan ne ruwan ƙorama ke ƙarewa, a nan ne kuma ƙazantarsa ke farawa. A 1910 Kwalejin Smith ta ba ta digirin girmamawa na dakta, wanda ya zo a makare. Ta rasu a gidanta da ke unguwar Jamaica Plain a Boston ranar 30 ga Maris, 1911, tana da shekara 68, bayan ciwon zuciya. Ba ta bar ɗa ko 'ya ba, sai ɗalibai.

Ilimi bai tsaya inda ta tsaya ba. Babban raunin kwalbar ruwa shi ne tana ba da labarin sa'ar da aka ɗebe ta kawai. Idan masana'anta ta saki dafinta da tsakar dare, mai awo ya zo da hantsi, zai iya tarar da ruwa garau. Amma halittun da ke zaune a cikin ƙoramar sun kwana a ciki, ba su da inda za su gudu. A 1908 da 1909 wasu Jamusawa biyu, Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson, suka jera tsirrai da dabbobin ruwa gwargwadon ƙazantar da kowanne ke iya jurewa. A 1948 wata Ba'amurkiya, Ruth Patrick, ta jagoranci bincike a ƙoramar Conestoga ta jihar Pensilbaniya, ta nuna cewa ƙorama mai lafiya takan tara jinsin halittu iri-iri, kowanne daidai gwargwado, marar lafiya kuwa jinsi kaɗan ke mamaye ta su yi yawa. Shi ya sa a yau mai duba lafiyar ƙorama, bayan ya auna zafin ruwa da iskar oksijin da ke narke a cikinsa da tsaminsa da gurɓatarsa, sai ya shiga da 'yar koma, ya motsa duwatsun ƙasa, ya ƙirga abin da ya kamo. Idan ya sami tsutsotsin ƙwarin nan masu laushin jiki da ba sa rayuwa sai a ruwa mai sanyi da wadatar iska, ya san da sauran lafiya. Idan ba abin da ya samu sai jajayen tsutsotsi a cikin baƙin taɓo, ya san ruwan ya shaƙe. Zai kuma dubi gaɓar, ko da itatuwan da ke yi mata inuwa suna riƙe ƙasa, ko an sare su zaizaya ta ci. Ita kanta taswirar kulorin ta daina aiki a Masacusets, domin tun daga tsakiyar ƙarni na 20 ake zuba gishiri a kan tituna da sanyi domin narkar da ƙanƙara, wannan gishiri kuwa duk a ƙoramu yake ƙarewa. Amma tunanin da ya haifi taswirar bai mutu ba. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta tanadi a auna kowane ruwa ta hanyar kwatanta shi da yadda irinsa yake idan hannun mutum bai taɓa shi ba.

Wanda ya san Kano ba zai karanta labarin Merrimack da majemunta da masaƙunta ba tare da ya tuna da gida ba. Jakara ta ratsa birni tana kwasar ruwan kwatocin unguwanni, Getsi ta ɗauko na masana'antun Bompai ta zuba mata, Chalawa kuma tana karɓar na Sharaɗa da na yankin masana'antun da ke ɗauke da sunanta. Da wannan ruwa masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafon da ke shiga kasuwanninmu. Ba za a ce ba a yi bincike ba, malaman jami'o'inmu da ɗalibansu sun auna waɗannan ruwaye sau da yawa, sun kuma ba da rahoton ƙarafa masu guba a cikinsu. Akwai hukumomi, akwai dokoki. Abin da nake ganin ya fi ƙaranci shi ne irin aikin da Ellen Richards ta yi: awo na dindindin, a wurare tsayayyu, da hanya iri ɗaya, shekara da shekaru, tare da haɗa sakamakon wuri guda inda kowa zai iya gani. Muhimmi a cikinsa kuma shi ne auna ƙoramun da har yanzu ba su lalace ba, waɗanda ke can cikin dazuzzuka da tsaunuka ba wanda ya damu da su. Mu kan garzaya wajen ruwan da ya riga ya yi wari domin a nan ne labari yake, amma ma'aunin yana wajen mai lafiya. Yanayinmu ma ya bambanta da nasu, domin yawancin ƙoramunmu da damina suke gudu su ƙafe da rani, saboda haka ma'aunin Turai ko na Amurka ba zai zauna mana daidai ba, dole mu gina namu.

Wannan aiki ba ya buƙatar na'urori masu tsadar gaske. Yana buƙatar kwalabe masu tsabta, da littafin rubutu, da abin hawa, da kasafin kuɗin da ba ya yankewa idan gwamnati ta sauya, da mutanen da za su jure maimaita abu ɗaya ba tare da an tafa musu ba. Sassan ilimin halittu da na sinadarai na jami'o'in Arewa za su iya raba ƙoramun jihohinsu a tsakaninsu, kowane rukunin ɗalibai ya gaji wurin da na gabansa ya auna, maimakon kowa ya fara daga farko ya ajiye kundinsa a kanta ƙura ta rufe. Da rarrafe yaro kan tashi. Matar nan da aka ƙi rubuta sunanta a jerin ɗalibai, aka kuma hana ta kujerar farfesa, ta auna kwalba bayan kwalba har jiharta ta sami abin da za ta kafa hujja da shi. Idan ba mu rubuta yadda ƙoramunmu masu lafiya suke a yau ba, jikokinmu za su tsaya a bakinsu suna irin gardamar da muka fara da ita, ba kuwa wanda zai iya raba su.